Tawayar Rubutu da Haƙƙin Naƙasassu a Dokar Nijeriya: Misali daga Yola ta Ƙasar Ƙaraye



1. Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin naƙasa, ya kuma daɗe da yi mata tanadi irin nasa. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya zo Kano cikin 1824, ya ba da labarin unguwar makafi da ya tarar a cikin ganuwa. Har yanzu kuwa akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare a garuruwa da yawa na ƙasar Hausa, kowannensu da jama'arsa, da kuma hanyar da yake bi ya kai kukansu gaban hukuma. To, amma duk naƙasar da aka yi wa sarauta, wadda ido yake gani ce. Makaho da sandarsa, gurgu da kekensa, ba a tambayarsu wata shaida.

Wannan lacca ta shafi wata naƙasa ce wadda ba ta da sarki, ba ta da sanda, ba kuma a ganinta sai an miƙa wa mutum alƙalami. Masana suna kiranta disgirafiya, kalmar da aka harhaɗa daga harshen Girka, ma'anarta wahalar rubutu. A nan za a kira ta tawayar rubutu. Za a duba mece ce ita, da abin da dokar Nijeriya ta tanadar wa mai ita, da hanyar da zai bi ya samu. Domin maganar ta tsaya a ƙasa, za a riƙa auna ta da Yola, ba ta Adamawa ba, watau wadda take cikin Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, maƙwabciyar Rogo, a yammacin Jihar Kano.

2. Mece ce Tawayar Rubutu?

Rubutu aiki ne guda a ido, amma a ƙwaƙwalwa ayyuka ne da dama waɗanda suke gudana tare. Mai rubutu yana tuno siffar harafi, yana tuno jerin haruffa a cikin kalma, yana sarrafa yatsunsa su zana abin da ya tuno, a lokaci guda kuma yana riƙe da maganar da yake son faɗa. Ga yawancin yara, ayyuka ukun farko sukan zama jiki bayan 'yan shekaru a makaranta, har hankali ya samu sararin komawa kan maganar. Ga mai tawayar rubutu ba sa zama jiki. Ƙarfinsa duka yakan ƙare wajen zana harafi, kafin ya kai ƙarshen layi maganar ta kuɓuce masa.

Alamominta sanannu ne. Yaro yakan damƙe alƙalami har hannunsa ya yi ciwo. Haruffansa wani babba wani ƙarami, ba sa bin layi, yakan tsallake harafi ko kalma, kuma kafin ya kwafe rabin abin da yake jikin allo an goge. Amma idan aka yi masa tambayar da baki, sai ya amsa daidai, wani lokaci ma ya fi waɗanda suka cika takarda. Sau da yawa takan zo tare da tawayar karatu, wadda ake kira disleksiya, ko da larurar rashin tsayar da hankali wuri ɗaya. Ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, ba kuwa ƙiwa ba ce. Babu ƙwayar maganin da take warkar da ita, sai dai horo na musamman yakan sassauta ta.

Iri biyu ce, kuma bambancin yana da muhimmanci wajen neman haƙƙi. Akwai wadda yaro yake tasowa da ita, ta bayyana da zarar ya fara makaranta. Likitan nan na Amurka, Samuel Orton, ya yi bayaninta a littafin da ya fitar cikin 1937 game da matsalolin karatu da rubutu da magana ga yara. Akwai kuma wadda take samun mutum bayan ya riga ya iya rubutu, sanadiyyar shanyewar ɓarin jiki, ko rauni a ka, kamar wanda ake samu a haɗarin babur. Irin wannan ce likitan Ingila William Ogle ya bayyana tun cikin 1867.

A yau likitoci suna dogara ne da manyan kundaye biyu. Na farko shi ne DSM-5, wanda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar cikin 2013. Na biyu shi ne ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2022. Dukansu sun sa tawayar rubutu ta yara a cikin larurorin koyo. Kundin 2013 ya gindaya sharuɗɗa: matsalar ta kai aƙalla wata 6 duk da an yi ƙoƙarin taimaka wa yaron, rubutunsa ya gaza na tsararrakinsa ƙwarai, kuma kada dalilin ya zama ciwon ido, ko na kunne, ko rashin jin harshen da ake koyarwa da shi, ko rashin samun koyarwa mai inganci. A kula da sharuɗɗa biyun nan na ƙarshe, domin a kansu ne wahalar ɗan ƙauye take.

3. Yaron Yola da Rubutu Uku

A ɗauka, alal misali, ga yaro ɗan shekara 9 a Yola. Da asuba yana makarantar allo, inda ake rubutu daga dama zuwa hagu, inda kuma haruffa da dama siffarsu ɗaya, ɗigo ne kaɗai yake raba su. Da hantsi yana firamare, inda ake rubutu daga hagu zuwa dama. A can zai haɗu da b da d, waɗanda suke juya wa juna baya, sannan ga ɓ da ɗ da ƙ, masu lanƙwasa, waɗanda suka shiga rubutun boko cikin shekarun 1930. Bayan wannan ga Ingilishi, harshen da ba ya jinsa a gida, wanda kuma yadda ake rubuta kalma da yadda ake faɗinta sukan yi hannun riga. Yaro mai lafiyar hannu ma yakan sha fama da wannan kaya, balle mai tawaya.

A makarantar allo irin wannan yaro yana iya yin fice wajen hadda, amma ya daɗe malam ne ko wani babban almajiri yake rubuta masa allonsa. A gida babu wanda zai lura, domin noma da kiwo da kamun kifi a madatsar ruwa ta Calawa ba su tambayi alƙalami ba. A aji kuwa sunan da zai samu shi ne malalaci, ko daƙiƙi, maganinsa kuma bulala.

A nan ne matsalar tantancewa take tasowa. Idan aji ya cika maƙil, malami ɗaya ne, kuma yawancin yaran ba su iya rubutu sosai ba saboda ƙarancin koyarwa, ta yaya za a ware wanda tawaya ce ta hana shi? Idan kuma likita ya gwada shi da ma'aunin da aka tsara da Ingilishi domin yaran Ingila ko Amurka, abin da zai auna shi ne rashin jin Ingilishi. Hanyar da ta fi kusa da adalci ita ce a gwada yaron da Hausa, a kwatanta amsarsa ta baki da ta takarda, a kuma kwatanta shi da 'yan ajinsu waɗanda malami ɗaya ya koyar da su. Idan tazarar ta yi yawa, ta kuma ɗore bayan an ba shi kulawa ta musamman, to an samu hujja. Ke nan shaidar farko tana hannun malamin aji, tun kafin a je gaban likita.

4. Abin da Doka ta Tanada

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ware babi domin ilmin musamman, kuma a shekarar ce aka kafa Kwalejin Ilmi ta Musamman ta Tarayya a Oyo. Cikin 1993 gwamnatin soja ta fitar da doka domin naƙasassu, amma ba ta yi wani tasiri ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu cikin 2006, Nijeriya ta sa hannu cikin 2007, ta kuma tabbatar da ita cikin 2010. Daga nan sai Dokar Hana Nuna Bambanci ga Naƙasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019. A ƙarƙashinta aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa cikin 2020. Jihar Kano ma ta yi tata dokar cikin 2018, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje.

Dokar tarayya ba ta ambaci tawayar rubutu da suna ba. Sai dai ma'anar da ta ba naƙasa tana da faɗi, domin ta haɗa duk wata tawaya mai ɗorewa ta jiki, ko ta ƙwaƙwalwa, ko ta fahimta, ko ta gani da ji, wadda idan ta haɗu da shingayen da suke cikin al'umma take hana mutum shiga harkokin jama'a daidai da kowa. Jarrabawar da ake rubutawa da hannu cikin ƙayyadadden lokaci shinge ce ga wanda hannunsa ba ya bin tunaninsa. Saboda haka akwai hujjar cewa tawayar rubutu mai tsanani tana cikin abin da dokar ta ƙunsa, ko da yake nauyin tabbatar da haka yana kan mai nema.

Ga wanda dokar ta shafa, ta tanadi ilmi kyauta har zuwa ƙarshen sakandare, ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar naƙasassu da yi musu tanadi, ta kuma umarci ma'aikatun gwamnati su ba naƙasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki gwargwadon hali. Wanda ya nuna wa mutum bambanci saboda naƙasarsa, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyu, idan kuwa kamfani ne, tarar naira 1,000,000.

Wajibi ne a faɗi abin da dokar ba ta tanada ba, domin kada a yi ta sintiri a banza. Ba ta tanadi kuɗin wata-wata ga naƙasasshe ba. Jihar Jigawa ta fara biyan naƙasassu alawus na naira 7,000 a wata cikin 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, amma wannan shiri ne na jiha ɗaya. Tallafin naira 5,000 a wata da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar cikin 2016, talaucin gida ne ma'auninsa. A Amurka ma, inda ake biyan irin wannan kuɗi tun 1974, ba sunan ciwo ake dubawa ba. Sai an nuna cewa larurar ta tauye rayuwar yaro ƙwarai, kuma za ta kai aƙalla wata 12, shi ya sa tawayar rubutu ita kaɗai ba kasafai take kai mutum ga samun kuɗin ba. Ƙasar da ta fi dacewa a yi koyi da ita ita ce Indiya, domin dokarta ta 2016 ta ambaci disgirafiya da suna a cikin jerin naƙasa, kuma a jarrabawa akan ba wanda ya cancanta mai rubuta masa, da ƙarin minti 20 a kowace awa. Amfanin da mai tawayar rubutu zai fi samu, a can da nan, shi ne a sauƙaƙa masa hanyar nuna abin da ya sani.

5. Ma'aikacin da Rubutu ya Ƙwace wa

Hukuncin iri na biyu dabam ne, kuma ya fi shafar ma'aikatan da suke wannan zaure. Akawu ko malamin makaranta wanda ya wayi gari hannunsa ba ya iya rubutu bayan shanyewar ɓarin jiki ko haɗari, yana da hanyoyi biyu. Idan raunin ya same shi ne a bakin aiki ko ta dalilin aiki, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya daga asusun da hukumar NSITF take riƙewa, wanda masu ɗaukar ma'aikata suke zuba wa kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya. Sharaɗin shi ne a sanar da ma'aikata da wuri, a kuma shigar da buƙata cikin lokaci. Idan kuma ciwo ne na Allah da Annabi, Dokar Fansho ta 2014 ta yarda wanda yake ƙarƙashinta ya taɓa asusun ritayarsa kafin ya kai shekara 50, muddin likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aikinsa ba. Ma'aikatan Jihar Kano da na ƙananan hukumominta suna da nasu tsarin fansho, saboda haka ƙa'idarsa za su duba.

Duk da haka, kada a yi gaggawar yi wa irin wannan mutum ritaya. Wanda ya shekara 20 yana aiki, iliminsa yana nan ko da alƙalami ya gagare shi. Sau da yawa sauya masa tebur, ko ba shi kwamfuta, ko haɗa shi da mai buga takarda, ya fi wa gwamnati araha bisa ga rasa shi.

6. Matakan Nema

Mataki na farko shi ne tara shaida. Iyaye su adana littattafan rubutun yaro na zango-zango, kada a bari a ƙunsa ƙosai da su. Malamin aji ya rubuta abin da ya gani, da taimakon da aka ba yaron, da tsawon lokacin da aka ɗauka, shugaban makaranta ya sa hannu da kwanan wata.

Na biyu, a kai shi asibiti, kamar babban asibitin Ƙaraye, a duba idonsa da kunnensa, domin a kawar da shakka, a kuma karɓi takardar tura shi gaba.

Na uku, a je wurin masana a Kano. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da likitocin yara da na ƙwaƙwalwa, Jami'ar Bayero kuma tana da Sashen Ilmin Musamman. A roƙi mai bincike kada rahotonsa ya tsaya ga sunan larura. Ya bayyana abin da yaron ba ya iya yi, da saurin rubutunsa idan an kwatanta da na tsararrakinsa, da irin sauƙin da yake buƙata, ko ƙarin lokaci ne, ko mai rubuta masa, ko kwamfuta.

Na huɗu shi ne takardar shaidar naƙasa. Dokar 2018 ta yi maganar iri biyu: ta wucin gadi, wadda likita yake bayarwa da yardar hukuma, ba ta wuce kwana 180, da kuma ta dindindin, wadda Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa take bayarwa. A nemi lambar shaidar zama ɗan ƙasa tun da wuri, domin ba a yin rajistar manyan jarrabawa sai da ita. A kuma guji dillalai, domin wanda ya bayar ko ya karɓi takardar naƙasa ta hanyar ƙarya, hukuncinsa tarar naira 200,000 ko ɗaurin shekara 1 ko duka biyu.

Na biyar, a kai buƙata ga hukumar jarrabawa tun lokacin rajista, ta hannun shugaban makaranta, tare da kwafin rahoton. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma mai tsaron jarrabawa ba shi da ikon ƙara wa kowa minti ɗaya idan ba a rubuto masa ba. Jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya tun 2015, kuma zaɓen amsa ake yi, wannan sauƙi ne ga mai tawayar rubutu. Cikin 2017 hukumar ta kafa kwamiti na musamman a ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola domin makafi da wasu masu buƙata ta musamman, kuma Kano tana cikin cibiyoyinsa. Tudun yana wajen WAEC da NECO, inda ake rubuta insha'i da dogayen amsoshi, alhali kuwa ba a shiga jami'a sai da kiredit a Ingilishi. A can ne ya kamata a fi matsa nema.

Idan aka hana mutum haƙƙinsa, akwai Hukumar Sauraren Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa cikin 1975, da Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta 1976, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta 1995, sannan ga haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, JONAPWD. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

7. Nauyin da yake kan Ma'aikata da Ɗalibai

Wanda ya bi matakan nan da kyau zai lura da wani abu. Kowane mataki takarda ne: a cika fam, a rubuta wasiƙa, a sa hannu. Watau ana neman mutum ya tabbatar da cewa ba ya iya rubutu ta hanyar rubutu. Ga wanda yake Yola kuma, kowace takarda tana nufin kuɗin mota zuwa Kano, da barin gona, wataƙila har da kwana. Da yawa sukan haƙura tun a mataki na biyu, yaron kuma ya bar makaranta da sunan daƙiƙi.

Gyaran wani sashe na wannan ba ya jiran sabuwar doka. Ofisoshin gwamnati sun daɗe da sanin dangwala yatsa, sun daɗe da sanin marubutan wasiƙa a bakin kotu da gidan waya. Ma'aikacin da yake karɓar buƙatu yana iya sauraren bayani da baki, ya cika fam ɗin da kansa, ya karanta wa mai nema da Hausa, sannan a dangwala. Sakataren ilmi na ƙaramar hukuma yana iya umartar shugabannin makarantu su riƙa rubuta sunayen yaran da bakinsu ya fi hannunsu, a tara su, a gayyato masani sau ɗaya a shekara ya duba su a Ƙaraye ko Rogo, maimakon kowane uba ya kama hanyar Kano shi kaɗai. Masarautar Ƙaraye, wadda tun watan Yuli na 2024 ta ƙunshi ƙananan hukumomin nan biyu, tana da dagatai da masu unguwanni waɗanda suka san kowane gida, kuma sanarwarsu takan isa inda takarda ba ta isa.

Ɗaliban harshe da na ilmi su ma suna da aiki. Ana buƙatar ma'aunin gwajin rubutu wanda aka tsara da Hausa, aka gwada shi kan yaran ƙasar Hausa, na birni da na ƙauye, na boko da na allo, domin a san abin da ɗan shekara 9 ya kamata ya iya. Idan babu wannan, likita zai ci gaba da auna hatsi da mudun wata kasuwa. Masu tsara doka kuma su duba misalin Indiya, su ambaci larurorin koyo da sunayensu a cikin ƙa'idojin aiki, domin akawu ba ya aiki da abin da bai gani a rubuce ba.

8. Kammalawa

A taƙaice, mai tawayar rubutu a Nijeriya ba shi da kuɗin wata-wata da zai nema daga Gwamnatin Tarayya, amma yana da haƙƙin ilmi, da haƙƙin a jarraba shi ta hanyar da za ta nuna saninsa, da haƙƙin aiki, idan kuma a bakin aiki larurar ta same shi, da haƙƙin diyya. Samun waɗannan ya rataya ne ga shaida, shaidar kuma tana farawa daga malamin aji wanda ya ajiye bulala ya tambayi yaro da baki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka gano a aji uku yana da shekaru a gabansa na horo da shiri, wanda kuwa aka gano bayan ya faɗi jarrabawar gama sakandare, an riga an yi masa asara mai wuyar mayarwa.